Yadda Ake Karɓo Kuɗin Umara Daga Ejan Idan Yarjejeniya Ta Lalace

Mutumin Gafasa da ke ƙasar Ajingi zai sayar da sa ko buhunan gyaɗa ya biya ejan kuɗin Umara. Azumi ya wuce ba biza, sai a ce masa: "Ai takardarka ba ta da ƙarfi, babu hatimi." Kada wannan magana ta karya maka gwiwa. Ko a shari'ar Musulunci ko a dokar ƙasa, wanda ya karɓi kuɗi bai yi aikin ba, sai ya mayar. Ɓacin yarjejeniya ba ya halatta masa dukiyarka.

Da farko, tattara hujja kafin ka ɗaga murya: rasit, alat ɗin banki, saƙonnin WhatsApp har da na murya, da mutanen da aka biya a gabansu. Idan ta POS ka tura, nemi bayanin asusu da ke nuna sunan wanda kuɗin suka shiga hannunsa. Sau da yawa ɗan kamasho ne, ba kamfanin ba, kuma wannan ne zai nuna wanda za ka kai ƙara. Karɓo fasfonka tun yanzu.

Sannan ka bincika ko kamfanin yana da lasisin NAHCON, hukumar alhazai ta ƙasa da aka kafa da dokar 2006. Mai lasisi yana tsoron a ƙwace masa, don haka ƙorafi a can yana da nauyi.

Rubuta musu takardar neman kuɗinka, da adadi da wa'adi, ka riƙe kwafi. Idan dagaci, hakimin Ajingi ko Hisba suka shiga sulhu, madalla, amma a rubuta ranakun biya a sa hannu gaban shaidu. "In sha Allahu bayan Salla" ba rana ba ce.

In sulhu ya ƙi, akwai FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, akwai kotun shari'a, akwai kotun ƙananan basussuka a Kano, inda ba dole sai da lauya ba. 'Yan sanda ba masu karɓo bashi ba ne. A kai musu ko EFCC idan damfara ce tsagwaronta.

Abu ɗaya na iya kayar da kai. Idan ka san bizar bogi ce, ko ka yarda a shigar da kai aikin Hajji da bizar ziyara, kotu na iya ƙin taimakon wanda ya shiga haramtacciyar harka da saninsa. Idan yaudararka aka yi, faɗa wa lauya hakan tun zaman farko, ka nuna saƙon da aka yi maka alkawarin biza ta gaskiya.