Kimiyya a Ƙafar Keke: Ƙarar da ke Cikin Rim

Ɗalibin da ke zuwa makaranta a kan keke yakan ji wata ƙara, kacau-kacau, tana fitowa daga ƙafar keken. Wajibi ne ya gano tushenta, domin wata ƙarar damuwa ce kawai ga kunne, wata kuwa gargaɗi ce.

Tushen ƙara

Yawancin rim na alminiyam bango biyu gare shi, da kogo a tsakani. Tsakuwa, ko ɓarɓashin ƙarfe, ko ɗan notin da ke ɗaure wayar ƙafa, na iya faɗawa cikin kogon. Idan ƙafa na juyawa a hankali, abin yakan hau sama kaɗan, nauyinsa ya dawo da shi, ya bugi bango. Amma idan gudu ya wuce kimanin kilomita 7 a awa, juyin yakan manne shi da bangon waje, sai ƙara ta ɗauke, kamar yadda ruwa ba ya zubewa daga gugan da ake wulwulawa da sauri.

Saboda haka, ƙarar da ke ɓacewa da gudu alama ce ta baƙon abu a kogo. Wadda kuwa ke fitowa sau ɗaya a kowane juyi, musamman idan mutum ya hau, galibi waya ce ta saki. Wannan ita ce mai haɗari, domin takan karkatar da rim, birki ya riƙa guga, sauran wayoyin su fara tsinkewa.

Gyara

A kifar da keke, a kaɗa wayoyin ɗaya bayan ɗaya da farce. Kamar tsirkiyar molo, ɗaurarriyar waya takan ba da amo siriri, sakakkiya kuwa amo mai kauri. A ɗaure sakakkiyar kaɗan-kaɗan.

Idan wayoyi lafiya suke, a cire taya da tif da kyallen da ke rufe ramukan rim. A juyo ramin bawul ƙasa, a girgiza har abin ya faɗo. Maganaɗisu yakan jawo baƙin ƙarfe, amma ba ya kama tagulla ko alminiyam.

Aikin aji

Malami ya sa ɗalibai su jefa tsakuwa cikin gwangwani mai murfi, su mirgina shi a hankali, sannan da sauri, su bayyana dalilin bambancin da suka ji.