Darasi: Yadda Za A Zaɓi Ƙwan Fitilar Gaba Na Tsohon Babur

'Yan'uwa manoma, a ƙauyukanmu da yawa har yanzu akwai tsofaffin babura suna aiki. Akwai Honda roba-roba irin C50 da C70 da C90, akwai CG125 na farko wanda aka soma ƙerawa a 1975, akwai Yamaha YB100 da Suzuki A100. Su ne suke kai taki gona, su kai hatsi kasuwa, su kai marar lafiya asibiti da tsakar dare. Injinsu yana da ƙarko, amma fitilar yawancinsu ta zama kamar aci-balbal.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Babur da yake gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a kowane sakan. In fitila ba ta haska fiye da mita 15 ba, kafin ka gane saniya ce a gaba, ko babbar mota ce ta lalace aka zuba ganye a bayanta, ka riga ka isa.

Abin da darasin nan yake koyarwa ɗaya ne: ƙwai mai kyau shi ne wanda ya dace da wutar da baburinka yake bayarwa, ba wanda ya fi babbar lamba ba. Akwai abu huɗu da za a duba kafin a ba da kuɗi.

1. BABURINKA 6V NE KO 12V?

Harafin V yana nufin bolt, wato ma'aunin ƙarfin da yake tura wuta cikin waya. Yawancin ƙananan baburan Japan na shekarun 1960 da 1970 masu 6V ne. A cikin shekarun 1980 ne aka riƙa komawa 12V. Saboda haka kana iya samun babura biyu masu suna ɗaya, amma wutarsu ba ɗaya ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka duba batir. Batir mai ruwa na 6V yana da murfi 3, na 12V yana da murfi 6, gama kowane ɗaki yana ba da wajen bolt 2. An kuma rubuta lambar a jikin batir da a gindin tsohon ƙwai.

Baburan da suka cika kasuwa yanzu, kamar Bajaj da Jincheng da TVS, masu 12V ne. In ka ce wa yaron shago “ba ni ƙwan fitila” kawai, na 12V zai miƙo maka. Ka sa shi a babur mai 6V, sai ya yi ja kamar garwashi, ba haske. In kuwa ka sa ƙwan 6V a babur mai 12V, zai yi walƙiya sau ɗaya ya ƙone. Ku lura kuma: kada ku yarda a gwada ƙwan 6V da batir na 12V a shago.

2. DAGA INA WUTAR TAKE FITOWA?

Ka murɗa makulli, ka kunna fitila, amma kada ka tā da inji. In ta kama, daga batir take shan wuta. In ba ta kama ba sai inji ya tashi, tana ƙara haske in ka ba da mai, tana raguwa in ka sassauta, to, kai tsaye take sha daga koyil, wato naɗin wayar da yake cikin maganeto. Wutar batir hanya ɗaya take bi, ana rubuta ta DC. Wutar koyil kai da komowa take yi, ana rubuta ta AC.

Da yawa cikin tsofaffin baburan nan ba su da regileta, wato na'urar da take hana wuta wuce iyaka. Masu ƙera babur sun auna koyil daidai da jimlar abin da ƙwan gaba da danja da ƙwan mita za su sha. Kamar mai lambu ne da ya saki ruwa a kwari ɗaya domin fangali uku. In aka toshe fangali ɗaya, duk ruwan zai taru a sauran biyun ya yi musu ɓarna. In aka ƙara babban fangali, ruwan ba zai ishi ko ɗaya ba. Ku riƙe wannan misali, gama shi ne tushen sauran darasin.

3. WAT NAWA?

Harafin W yana nufin wat, wato yawan wutar da ƙwai yake sha. A ƙwan gaba za ka ga lamba biyu, kamar 25/25W, domin yana da zaren wuta biyu: ɗaya na haske mai nisa, wanda direbobi suke kira ful, ɗaya na haske na kusa, wato dim. Ƙananan babura masu 6V sukan yi amfani da 15/15W ko 25/25W, waɗanda suka ɗan fi girma kuma 35/35W.

A nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Mutum ya ga fitilarsa ba haske, sai ya cire 25W ya sa 35W ko fiye. Amma koyil ba zai ba da abin da ba shi da shi ba. In ka ɗora wa jaki kayan raƙumi, ba zai ƙara sauri ba, durƙusawa zai yi. Haka ƙarfin wuta yake faɗuwa, babban ƙwan ya fi ƙaramin duhu, musamman in kana tafiya a hankali a hanya mai ramuka, lokacin da ka fi bukatar haske. In kuwa fitilar daga batir take sha, babban ƙwai zai zuƙe batir, ya ɗumama waya da makunni, har ya narke robar fitila.

Ƙwai mai ƙaramar lamba shi ma ba daidai ba ne a babur marar regileta. Wutar da ta ragu za ta yi yawa, ta ƙone shi ko ta ƙone danja. Masana wutar lantarki sun auna cewa in ƙarfin wuta ya wuce daidai da kashi 5 cikin 100 kaɗai, kwanakin ƙwai mai zare sukan ragu da wajen rabi.

Saboda haka ka sayi lambar da masu ƙera babur suka sa. Tana cikin littafin babur in yana nan. In babu, ka tambayi tsohon bakanike da ya daɗe yana gyaran irin wannan babur. Da tsohuwar zuma ake magani.

4. WANE IRIN GINDI?

Gindin ƙwai shi ne yake zaunar da zaren wuta daidai tsakiyar madubin fitila. In ya goce ko kaɗan, haske zai watse sama da gefe. Ga waɗanda aka fi samu:

(a) P15d. Faɗin gindinsa milimita 15, yana da zoben ƙarfe kewaye da shi kamar bakin malafa. Akwai P15d-25-1 da P15d-25-3. Sun yi kama, amma yankan zobensu ya bambanta, ɗaya ba ya zama a gurbin ɗaya.

(b) BA20d. Faɗinsa milimita 20, yana da kunnuwa biyu, ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Ana tura shi a murɗa.

(c) H4. Yana da ƙafafu uku masu faɗi a baya. Wanda aka fi sayarwa 12V 60/55W ne, irin na mota. Ya fi ƙarfin ƙaramin tsohon babur nesa.

Kullum ka tafi shago da tsohon ƙwai a aljihu, ka jera su biyu ka duba. Kada ka lanƙwasa kunne, ko ka cusa takarda ko tsinke domin ƙwai ya zauna.

ƘWAI IRI UKU

Ƙwai na da, mai zagayayyen gilashi. Shi ne aka ƙera babur da shi. Yana aiki da AC ko DC, kuma shi ya fi araha.

Halojin. Shi ma mai zare ne, amma akwai wani iskar gas a cikinsa. Ya fi na da haske ko da lambar wat ɗinsu ɗaya ce, kuma yana aiki da AC ko DC. In ka samu mai V da W da gindi daidai da naka, shi ne hanya mafi sauƙi ta ƙara haske. Kada ka taɓa gilashinsa da yatsa, gama maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi ya lalace. Ka riƙe shi da tsumma mai tsabta.

LED. Yana ba da farin haske da wuta kaɗan, ba shi da zaren da girgiza za ta tsinke. Amma sai an yi hankali da abu huɗu. Na farko, yawancinsu DC suke so. In fitilarka daga koyil take sha, sai wanda aka rubuta AC/DC a kwalinsa. Na biyu, da yawa an rubuta musu lamba kamar 9-80V ko 12-80V, waɗannan ba na babur mai 6V ba ne. Na uku, da yake ba ya shan wuta sosai, ragowar za ta koma kan danja da ƙwan mita a babur marar regileta, don haka sai bakanike ya sa regileta tukuna. Na huɗu, wasu masu araha suna watsa haske ko'ina, suna kashe wa mai zuwa ido, amma ba sa nuna rami. Araha ba ta ado.

IN ƘWAI YANA YAWAN ƘONEWA KO BA YA HASKE

Kafin ka zargi mai shago, duba waɗannan:

1. Danja da ƙwan mita. In ɗaya ya mutu, sake shi a ranar, in ba haka ba zai ja sauran. In ƙwan gaba ya mutu kana tafiya, rage gudu nan da nan domin ka ceci danja.

2. Batir. A babura da yawa batir yana shanye wutar da ta yi yawa. Mai cire batir, ko mai barinsa ya bushe, zai yi ta sayen ƙwai. Ka riƙa ƙara ruwan batir, ba ruwan rijiya ba.

3. Makunnin dim da ful. In ya ci, akwai wurin da duka biyu suke ɗaukewa, a nan danja takan ƙone.

4. Tsatsa. Ƙwan 25W a 6V yana jan wuta ninki biyu na abin da ƙwan 25W yake ja a 12V. Shi ya sa ɗan tsatsa kaɗan yake rage hasken babur mai 6V sosai. Ka kankare bakin wayoyi, da wurin zaman ƙwai, da wayar da take haɗe da jikin ƙarfen babur.

5. Madubi da gilashi. Ƙurar hunturu da ruwan damina suna dusashe su. Ka goge gilashi. Madubi kuwa a hura masa iska kawai, ko a shafa a hankali da auduga, gama azurfarsa tana fita. In ya yi tsatsa, ba ƙwan da zai gyara shi, sai sabo.

SAITA FITILA

Bayan ka sa sabon ƙwai, ka tsai da babur a wuri mai daidai, mita 5 daga bango, da dare. Ka zauna a kai. Wani ya auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ya ja layi da gawayi a bango daidai wannan tsayi. Kunna dim. Saman hasken ya kamata ya tsaya wajen santimita 5 a ƙarƙashin layin. Ka tuna, in ka ɗaura buhu a baya ko ka goya mutum, gaban babur yana ɗagawa, hasken ya tafi sama. In da kaya ka saba tafiya, ka saita da kayan.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Ƙwan 6V ya yi wuyar samu a kasuwannin ƙauye. Sakatare ya buɗe shafi a littafin ƙungiya, ya rubuta kowane babur da V da W da irin gindin ƙwansa. In wani zai je birni sayen taki ko iri, sai a haɗa kuɗi ya sayo wa kowa gaba ɗaya. Kowane mai babur ya naɗe ƙwan gaba ɗaya da na danja ɗaya cikin tsumma, ya ajiye a akwatin kayan gyara. Rigakafi ya fi magani.

Wanda yake so ya mai da baburinsa 12V, yana yiwuwa. Amma ya sani za a gyara ko a sake koyil, a sa regileta da sabon batir, a sake dukan ƙwayaye da ham da na'urar sigina. Ya yi lissafi da bakanike tukuna.

TAMBAYOYI DOMIN TARON ƘUNGIYA

1. Yaya za ka gane ko baburinka 6V ne ko 12V ba tare da littafi ba?

2. Don me ƙwan 35W yakan fi na 25W duhu a wani babur?

3. In danja ta mutu, me zai iya faruwa da ƙwan gaba?

4. In aka bukaci kai mai naƙuda asibiti yau da dare, babura nawa ne a ƙauyenku suke da fitilar da za a dogara da ita?

Aikin yi: a taro mai zuwa kowa ya zo da baburinsa da yamma. Ku cire ƙwai ku karanta lambobin tare, sakatare ya rubuta. In duhu ya yi, ku saita fitilun ɗaya bayan ɗaya a jikin bango.