TSOHON KARE IN YA KURUMCE

A ƙasar Karaye da Rogo kare ba abin ado ba ne, ma'aikaci ne. Shi ke tsaron rumbu da turken awaki da dare, shi ke korar birai daga gonar masara da ta rake, in rani ya yi kuma mafarauta su shiga daji da shi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a 1992 masu noman rani suka ƙaru a wajen, aikin tsaro kuwa ya zama ba rani ba damina.

To, amma kare yakan riga ubangidansa tsufa. Da ƙuruciya yana jin siririyar ƙara wadda kunnen mutum ba ya kamawa. Daga shekara 8 zuwa 10 sai jin ya soma raguwa a hankali, siririyar ƙara kamar fito tana cikin abin da ke fara ɓace masa. Sai a yi ta kira bai waiwayo ba, baƙo ya shigo har zaure yana barci. Nan ne mutane da yawa ke kuskure, su ce taurin kai ne, su sa sanda. Alhali kuwa bai ji ba ne.

Gwajin ba wuya. Mutum ya tsaya bayansa inda ba ya ganinsa, iska kuma ba ta kai masa ƙanshinsa, ya buga kwano. In kunnuwan ba su motsa ba, lalle akwai kurumta. Sa'an nan a duba cikin kunnen. Idan akwai kaska, ko ɗoyi, ko mugunya, ko kuwa yana yawan kaɗa kai da susa, wannan ciwo ne, sau da yawa yana jin magani, sai a kai shi wurin malamin dabbobi. Kada a ɗura masa kananzir ko baƙin mai, kada kuma a ɗiga maganin da ba a rubuta ba, gama waɗansu magunguna su kansu suna kashe ji. Harbin bindiga kusa da kansa ma yana kurumtar da shi. Kurumtar tsufa kuwa ba ta da magani, sai dabara.

Dabara ta fari, a sake yadda a ke magana da shi. Ido ya zama kunnensa. A zaɓi alamar hannu uku kawai: zo, zauna, bari. In ya bi, a ba shi ɗan ƙanzo. Kowa a gidan ya riƙe alama iri ɗaya, don kada a rikita shi. Da dare hasken tocila ya isa kira.

Ta biyu, ita ce mafi girma: kada a tashe shi da taɓawa. Kurman kare in ya farka a firgice yakan kai cizo, ko da ɗan gida ne, daga nan a ce ya haukace a kashe shi. A buga ƙafa a ƙasa tukuna, yana jin girgizar a jikinsa. A ja wa yara kunne a kan wannan. Duk da haka cizon kare ba abin wasa ba ne. A wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti ran nan. Allurar haukan kare, irin wadda a ke yi a Vom, a riƙa yi masa ita kowace shekara.

Ta uku, a sake masa aiki. Ya bar farauta, domin in ya yi nisa a daji ba zai ji ƙaho ba. Kada a bar shi kwance bakin hanya, musamman ran kasuwa, gama ba ya jin babur ko mota. Amma hancinsa yana nan, yana sansano gafiya da muzuru, saboda haka kusa da rumbu da akurkin kaji ne wurinsa. In an haɗa shi da ɗan kwikwiyo, ƙaramin ya ji, babban ya ga motsinsa ya tashi, ƙaramin kuma ya koyi aiki.

Wanda ya yi shekara goma yana tsaron hatsin gida bai cancanci kora ba don kunnensa ya mutu. Inuwa, da ruwa, da tuwo mai laushi, su ne ladansa.