Lambun Bayan Gida, Rani Da Damina

Zuwa ga manoman Masanawa da sauran ƙasar Kabo da Gwarzo, da dagatai da masu unguwa.

Ka dubi lambunan da ke bayan gidaje a garinku. Da damina su kan cika da kuɓewa da yakuwa har a rasa mai ci, amma da an yi kaka sai a bar wa awaki. Kafin watan Afrilu uwargida ba ta da abin miya sai kuka da busasshiyar kuɓewa, mai gida kuwa ya kan ɗebi hatsi daga rumbu ya sayar domin cefane. Ba ƙanƙantar wurin ce ta jawo wannan ba. Dalili shi ne ana shuka lambun duka rana ɗaya, ya nuna lokaci ɗaya, sa'an nan ya zauna wofi har ruwa ya sake sauka.

To, ga yadda za ka yi. Raba wurin fangali 4, ko wane faɗinsa ƙafa 4, tsawonsa ƙafa 12, domin hannunka ya kai tsakiya ba sai ka taka ba. Kada ka shuka su tare. Alayyafo ya kan isa tsinka cikin mako 3 ko 4. In ka yafa rabin fangali yau, ka bar ɗaya rabin sai bayan mako 2, kafin na fari ya ƙare na biyu ya taso. Ran da ka tuge abu, ran nan za ka zuba taki ka sa wani. Saboda haka kullum ka zama da reno a tsohuwar tukunya ko daro, wurin da ke samun ranar safe. Tumatir ya kan isa dashe bayan kamar mako 4, albasa kuwa sai ta kai mako 6 ko fiye.

Da damina ka ɗaga fangalin kamar kunya, kada ruwa ya kwanta ya ruɓar da saiwa. Lokacin kuɓewa ke nan, da rama, da lalo, da yakuwa. Kabewa kuwa ka kai ta gefe, gama tana cin wuri. Ka riƙa tsinkar kuɓewa ko wane kwana 2, in ka bari ta ƙosa uwar ta kan rage 'ya'ya.

Da rani sai ka juya: fangali ya zama rami-rami, mai baki kewaye, domin ya riƙe ruwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin sanyi, shi ne na tumatir da albasa da karas da salak da kabeji. Wanda ya makara da dashen tumatir har furensa ya tarad da zafin Maris da Afrilu, za ya ga fure yana zuba, 'ya'ya kaɗan. Waɗanda ke kusa da madatsar ruwa ta Guzuguzu ko ta Magaga suna da sauƙi, amma takardan nan domin mai rijiya da guga aka yi ta. Fangali irin wanda muka faɗa ya kan sha kusan jarka ɗaya mai lita 25 ko wace rana, da bazara kuwa ya fi haka. Don haka in rijiya ta ja, kada ka yi taurin kai: bar fangali 2, ka kula da 2 sosai. Rufe ƙasarsu da busasshiyar ciyawa, ka yi ban ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya. Ruwan alwala da na wankin hatsi kada a zubar a banza, a yi masa hanya zuwa gindin zogale. Zogale 3 ko 4 a jikin danga, in ana sare kansu daidai kafaɗa, su kan yi rassa su ba da ganye sa'ad da kome ya bushe.

Ƙasar da ba ta hutawa tilas a ciyad da ita. Haƙa rami, ka riƙa tara kashin awaki da na kaji da toka da shara, kana yayyafa ruwa, har ya yi baƙi ya daina zafi. Ɗanyen kashin kaji ya kan ƙone shuka.

Akwai kuskure guda wanda har tsofaffin masu lambu su kan yi. Tumatir da tattasai da attaruhu da gauta dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Kada ka bi ɗaya da ɗaya a fangali guda. Sa albasa ko masara tsakani. In ka tuge tumatir ko kuɓewa ka ga ƙulli-ƙulli a saiwa, wata 'yar tsutsa ce wadda ido ba ya gani, ka ƙone saiwar. Ka tuna kuma da tsutsan nan da a ke kira Sharon, wadda ta cinye tumatir a ƙasar Kano a 2016. Ganyen da ka ga ta huda ta shiga, ka tsinke ka binne, kada kuma ka bar tsohon tumatir tsaye bayan ya gama. In za ka fesa magani, tambayi malamin gona na KNARDA tukuna kwana nawa za ka jira kafin a ci.

Ku kuwa dagatai da masu unguwa, kun sani da an kwashe amfanin gona a kan saki bisashe, akuya ɗaya kuwa ta isa ta cinye aikin wata 2 kafin azahar. Ku gargaɗi masu lambu su gyara dangarsu da kara da ƙaya tun watan Oktoba, kafin a yi dashe.