Yadda Ake Kai Yaro Asibiti da Gaggawa a Lokacin Annoba

A watan Maris na 2025, ana cikin azumi, zafin bazara ya fara kankama, sai sanƙarau ya yi tsanani a Jega da Aliero da Gwandu a jihar Kebbi. Gwamnatin Kebbi ta sanar da rasuwar mutum 26, aka buɗe wuraren keɓe masu cutar, har jami'ar Aliero ta sallami ɗalibai na ɗan lokaci.

A irin wannan yanayi, tsoron asibiti kan kama iyaye. Haka aka gani da korona a 2020: a Amurka, masu zuwa sashen gaggawa sun ragu da kashi 42 cikin 100 a makonnin farko, kuma raguwar ta fi tsanani a ɓangaren yara. Alhali maleriya da gudawa da ciwon haƙarƙari suna nan suna cin yara, ko da annoba ko babu. Ga matakan da ke hana jinkiri.

Na ɗaya: a san alamun da ba a kwana da su. Zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya, jijjiga, suma ko barcin da ba a iya tada yaro, ƙin kama nono, amayar da duk abin da ya shiga ciki, da kumburin maɗiga ga jariri. A ƙirga numfashi na minti ɗaya: 60 ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 daga nan zuwa shekara, 40 zuwa shekara biyar, ko fiye da haka, duk haɗari ne. Sanƙarau na iya kisa cikin kwana ɗaya.

Na biyu: a yanke shawara tun yaro na lafiya. Maigida da ke gonar albasa a Aliero ko kasuwar Jega ya bar izini tun da wuri, ya ajiye kuɗin mota da lambar direba ko mai babur. Uwa ba za ta zauna jiran dawowarsa ba.

Na uku: a wuce kemis. Allurar kemis da jiƙe-jiƙe suna cinye sa'o'in da likita ke buƙata. A ɗauki katin rigakafi da kwalin duk maganin da aka riga aka ba yaron.

Na huɗu: a kula da shi a hanya. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa, kada a yi masa hayaƙi. Mai gudawa da ke iya haɗiya a riƙa ba shi nono da ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan.

Na biyar: a faɗi mafi munin alama tun daga ƙofa. Uwa ta ce, "Malama, ya yi jijjiga sau biyu, wuyansa ya ƙage." Wannan ke sa a gabatar da shi a kan layi. Mutum ɗaya ko biyu sun isa rakiya, da takunkumi da wanke hannu. 'Yan dubiya su yi ta waya.

Yaron da ya rame ƙwarai ko ƙafafunsa suka kumbura, Babban Asibitin Maiyama na da sashen kwantar da masu tamowa, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa. In aka ce a wuce Birnin Kebbi, a karɓi takardar turawa a kama hanya nan take.

Na shida: a ƙarasa magani. In an keɓe yaro, a yarda, kuma kada a ɗauke shi don zazzaɓi ya sauka, sai allurai sun cika. Sanƙarau kan bar kurumta, don haka bayan sallama a nemi gwajin ji, sannan a kai yayyensa da ƙannensa rigakafi a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa.