Yadda ake auna ruwan tanki da agogon kwamfuta

A ƙauyukan Bichi, Dambatta da Minjibir, inda gona ke manne da gona, rijiyar burtsatse mai aiki da sola ta zama abin dogaron unguwa. Tankinta yana can sama a kan ƙarfe, ba wanda ke ganin cikinsa, sai ruwa ya fara malala a san ya cika, ko masu jarkoki su taru a ga ya ƙare. Matashin da ya iya rubuta manhaja zai iya magance wannan da allon Arduino Uno da ƴar na'urar sauti HC-SR04, muddin ya iya karanta lokaci daidai.

Ana kafa na'urar a ƙarƙashin murfin tanki tana kallon ƙasa. Takan harba sautin da kunne ba ya ji, ya bugi ruwa ya dawo, kuma daga tsawon lokacin tafiyar ake gane nisan ruwan daga murfi. Sauti na cin kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka zuwa da dawowar santimita ɗaya maikurosakan 58 ne kacal, kowanne kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa.

Matakin farko shi ne zaɓen agogo, kuma a ganina nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Arduino na da millis() da micros(). Na farko yana ƙirga milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, wanda a nan ya kai kusan santimita 17 na ruwa. Awo da shi tamkar auna gishirin miya ne da tiya. Na biyu a kan Uno yana tafiya ne da maikurosakan huɗu huɗu, abin da bai kai milimita ɗaya ba. Shi za a ɗauka.

Daga nan a ba ƙafar Trig ta na'urar wuta na tsawon maikurosakan 10. Da zarar ƙafar Echo ta ɗauki wuta, a karanta micros() a ajiye. Idan ta sauke, a sake karantawa, a cire na farko daga na biyu, a raba da 58. Kada a sa umarnin nuna rubutu a allo tsakanin karatun biyu, domin jinkirinsa zai shiga cikin awon.

Akwai tarko guda. Ƙirgar micros() takan cika ta koma sifili bayan kimanin minti 70, famfo kuwa yini yake yi yana aiki. Maganin shi ne a ajiye lambobin a matsayin unsigned long, kuma kullum a yi cirewa maimakon tambayar wace lamba ce ta fi girma. Da haka amsa za ta fito daidai ko da ƙirgar ta juya a tsakiyar awo.

Sai batun zafi, wanda mu nan bai kamata mu raina ba. Lambar 58 an tsara ta ne a kan iska mai maki 20. A tsakar ranar bazara, idan zafi ya kai maki 40, sauti na gudun kusan mita 355 a daƙiƙa, da asubar hunturu mai maki 15 kuma ya sauko kusan 340. A nisan mita biyu bambancin ya kai santimita 8. A haɗa ma'aunin zafi, a lissafa gudun da 331 a tara da 0.6 sau makin zafin. Tururin cikin tanki kuma yana cin HC-SR04, gara a sayi JSN-SR04T da ba ta jin ruwa.

Duk wannan ya ba mu tsawon lokaci ne, bai faɗi ƙarfe nawa aka yi awon ba. Wannan aikin wani agogo ne daban, irin su DS3231 mai ɗan batirinsa, wanda ke ci gaba da tafiya ko wutar sola ta ɗauke da dare. Shi ke rubuta kwanan wata a gefen kowane awo. A ajiye shi da lokacin duniya na UTC, a ƙara awa ɗaya ta Najeriya wajen nunawa.

Wannan rabon aiki yana nan a manyan kwamfutoci ma. A Python, time.time() yana ƙirga daƙiƙu tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma yakan yi tsalle gaba ko baya idan kwamfuta ta saita agogonta da intanet. Don auna tazara sai a ɗauki time.perf_counter_ns(), wanda ya shigo a Python 3.7 a 2018. Masu JavaScript suna da performance.now(), masu C a Linux kuma clock_gettime() tare da CLOCK_MONOTONIC.

Kafin a hau da na'urar sama, a gwada ta a ƙasa da bokitin ruwa da tef ɗin tela. A yi awo biyar, a bar milisakan 60 tsakanin kowanne don amsa-kuwwar baya ta mutu, a jera su daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki na tsakiya.