Matashi a Matsayin Mai Sharhin Littafi: Giɓi a Tarken Ƙagaggun Labaran Hausa da Damar Cike Shi a Wudil

Tsakure

Tun daga shekarun 1980 matasa ne ƙashin bayan kasuwar ƙagaggun labaran Hausa, amma hukuncin da suke yanke wa abin da suke karantawa bai samu mazauni a fagen tarke ba. Wannan maƙala ta bibiyi kafofin da matasa suka riƙa bayyana ra'ayinsu a kan littattafai, ta nuna dalilin salwantar wannan ra'ayi, sannan ta ɗora bayaninta a kan ra'in martanin makaranci. Daga ƙarshe ta kawo shawarar tsarin da ɗakin karatu zai bi ya mayar da matasa masu sharhin sababbin littattafai, tare da ɗaukar garin Wudil a matsayin wurin da ya dace a jarraba shi.

Fitilun Kalmomi: matasa, sharhi, ɗakin karatu, ƙagaggun labarai, Wudil

1.0 Gabatarwa

Nazarin ƙagaggun labaran Hausa ya yi nisa wajen feɗe matani. An yi aikace-aikace masu yawa a kan jigo da zubi da tsari da salo da taurari, an kuma rubuta tarihin marubuta da na maɗaba'u. Ɓangaren da bai samu irin wannan kulawa ba shi ne makaranci, musamman matashin da ke tsakanin shekara 13 zuwa 19. Ana yawan ambaton sa a cikin muhawara, amma a matsayin wanda ake jiye wa tsoro ko wanda ake son a kare. Da wuya a ji ta bakinsa.

Wannan giɓi yana da illa ga ilimi. Duk wanda zai rubuta tarihin adabin wannan zamani nan gaba zai tarar da littattafan, zai tarar da abin da malamai suka ce a kansu, amma zai rasa abin da ainihin masu karanta su suka gani a ciki. Manufar maƙalar ita ce ta nuna cewa matashi ya daɗe yana yin sharhi, abin da ya rasa shi ne wurin da za a saurare shi a kuma adana abin da ya faɗa.

2.0 Makaranci Matashi a Tarihin Ƙagaggun Labarai

Rubutaccen ƙagaggen labari na boko ya fara ne da makarancin makaranta a zuciya. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki da Idon Matambayi, kuma buƙatar samar wa ɗalibai abin karantawa na daga cikin manyan dalilanta. Haka ma Magana Jari Ce na Abubakar Imam. A wannan zango hukuma ce ke zaɓe, malami ya koyar, ɗalibi ya karɓa. Hanyar ta miƙe daga sama zuwa ƙasa.

Al'amarin ya fara sauyawa bayan fitowar So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, wanda ya ɗauki soyayyar matasa a matsayin jigo. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta suka shiga buga littattafansu da kansu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa kuma ta biyo da Allura Cikin Ruwa. Waɗannan littattafai ba manhaja ce ta kai su hannun matasa ba. Kuɗin aljihunsu ne da aron da suke yi a tsakaninsu suka kai su. A nan ne makaranci ya fara zama alƙali.

Muhawarar da ta biyo baya a jaridu irin su Nasiha da New Nigerian sananniya ce. Ibrahim Malumfashi ya yaɗa laƙabin Adabin Kasuwar Kano yana sukar ingancin rubutun, yayin da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka kalli lamarin a matsayin sabon motsi da ya farfaɗo da karatun Hausa. Duk ɓangarorin biyu sun kafa hujja da matasa, amma masu magana malamai ne da marubuta da 'yan jarida. A 2007, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, an ƙona wasu littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata a Kano. Ko da mutum ya yarda da manufar gyaran tarbiyya da ke bayan matakin, tambaya ɗaya ta rage: me ɗaliban suka gani a cikin littattafan har suka riƙe su?

3.0 Kafofin Sharhin Matasa da Dalilin Salwantarsu

Akwai aƙalla kafofi uku da ra'ayin matasa ya bi.

Ta farko ita ce wasiƙa. Marubutan shekarun 1990 sun saba sanya adireshinsu a littafi, makaranta kuma su rubuto musu yabo ko ƙorafi ko neman shawara. Brian Larkin, a maƙalarsa ta 1997 a kan finafinan Indiya da littattafan soyayya, ya yi amfani da irin waɗannan wasiƙu a matsayin hujja. Sai dai marubuci ne ke riƙe da su, shi ne kuma ke zaɓen wadda zai nuna.

Ta biyu ita ce shagon hayar littattafai. Mai shago ya san littafin da ba ya kwana a kanta, da wanda ake dawowa da shi ba a ƙarasa ba. Hirar da ake yi a bakin shago ko a ɗakin kwanan ɗalibai sharhi ce cikakkiya, domin a cikinta ake auna tauraro, a soki ƙarshen labari, a kwatanta marubuciya da 'yar'uwarta. Amma magana ce ta fatar baki, iska ke tafiya da ita.

Ta uku ita ce kafofin intanet. A yau ana sakin labari shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da Facebook da manhajar Wattpad, makaranta kuma suna mayar da martani nan take, har marubuciya takan karkata akalar labari saboda buƙatarsu. Wannan kafa ta fi sauran yawan magana, amma ta fi su saurin ɓacewa. Da zarar waya ta lalace ko an rufe zaure, sharhin ya tafi. Ban da haka, yawancinsa gajeren yabo ne ko roƙon ci gaban labari, ba a kawo dalili.

Abin da kafofin uku suka yi tarayya a kai shi ne rashin tsari da rashin ma'adana. A ɗaya gefen kuma, ajin Hausa na sakandare yana da tsari, amma ya fi karkata ga shirya ɗalibi domin jarrabawa, inda ake haddace jigon littafin da aka wajabta da jerin taurarinsa. Ke nan matashi na da wurin da yake faɗin ra'ayi ba dalili, da wurin da yake maimaita dalili ba ra'ayi.

4.0 Ra'in Martanin Makaranci

Ra'in martanin makaranci ya ginu a kan cewa ma'ana ba ta gama samuwa a cikin matani sai an karanta shi. Louise Rosenblatt, a littafinta na 1978, ta bambanta karatu iri biyu: karatun ɗibar bayani, wanda ake yi don a fita da wani abu, da karatun ɗanɗano, wanda hankalin makaranci ke kan abin da yake ji yayin da yake karantawa. Stanley Fish kuma ya nuna cewa makaranta ba su fassara matani a ɗaiɗaiku, suna yi ne a matsayin jama'ar da ta yi tarayya a kan wasu ma'aunai.

Idan aka ɗora wannan a kan Wa Zai Auri Jahila?, manazarci zai iya cewa jigonsa muhimmancin ilimin mata ne da illar auren dole, kuma ya yi daidai. Amma ɗalibar da ƙawarta ta bar aji saboda aure za ta karanta labarin Abu da wani ido dabam. Tana iya tambayar ko hanyar da tauraruwar ta bi ta kuɓuta tana buɗe ga yarinyar ƙauye a yau. Wannan tambaya tarke ce, domin tana auna labarin da ma'aunin yiwuwa, kuma manazarcin da ke ofis ba lalle ta zo masa ba.

5.0 Darasi Daga Wasu Ƙasashe

A Amurka, sashen kula da matasa na Ƙungiyar Ɗakunan Karatu, wato YALSA, ya fara shirin Teens' Top Ten a 2003. Ƙungiyoyin karatu na matasa a zaɓaɓɓun ɗakunan karatu sun riƙa karɓar sababbin littattafai daga maɗaba'u, su karanta, su ba da ra'ayi, su fitar da jerin da sauran matasa za su kaɗa wa ƙuri'a. A Ingila, ɗalibai suna karanta littattafan da suka kai matakin ƙarshe na lambar yabo ta Carnegie, su rubuta sharhinsu, su kuma zaɓi nasu gwanin ko da ya saɓa da na alƙalai.

Ba komai ne za a kwaso ba. Kasuwar littafin Hausa ba ta saba ware rukunin matasa a bangon littafi ba, kuma yawancin sababbin labarai ba su bi ta maɗaba'a. Abin ɗauka shi ne ginshiƙin tsarin: a ba matashi littafi tun yana sabo, a nemi hukuncinsa da dalilinsa, a kuma ɗauki hukuncin da muhimmanci.

6.0 Dalilin Zaɓar Wudil

Wudil na kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, kimanin kilomita 40 daga birnin Kano, kuma ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutane sama da 180,000. Gari ne da ya haɗa fuskoki biyu. Ga kasuwar shanu ta ranar Juma'a da rayuwar bakin kogi da ƙauyukan da ke kewaye, ga kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, wadda aka kafa a 2001 aka sauya mata suna a 2022, da Kwalejin 'Yan Sanda mai ba da digiri.

Wannan haɗuwa tana da amfani ga mai bincike. Labaran zamani da yawa suna wakana ne a gidajen masu hali na manyan birane. Matashin Wudil yana kusa da birni yadda littafi zai iske shi da wuri, yana kuma nesa da shi yadda zai iya auna wannan duniya da idon wanda ba a cikinta yake ba. Kasancewar manyan makarantu a garin kuma na nufin akwai ƙwararrun ma'aikatan ɗakin karatu da za a nemi haɗin guiwarsu.

7.0 Tsarin da Ake Ba da Shawara

Na farko, a kafa ƙananan da'irori na mutum 10 zuwa 15 a ɗakunan karatun makarantun sakandare, na mata dabam na maza dabam, a cikin lokacin makaranta. Wannan zai sauƙaƙa amincewar iyaye, ya kuma ba da damar kwatanta martanin jinsunan biyu.

Na biyu, a zaɓi ayyukan da ba su wuce shekara biyu da fitowa ba, a haɗa bugaggun littattafai da gajerun labarai irin na gasar Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, da labaran intanet da aka tace. Malami da ma'aikacin ɗakin karatu su fitar da jeri mai faɗi, ɗalibai su zaɓa daga ciki.

Na uku, sharhin ya kasance shafi ɗaya, ya amsa tambayoyi kaɗan: me ya riƙe makaranci, a ina labarin ya yi rauni, wane tauraro ne ya yi kama da mutanen da aka sani, wa ya dace ya karanta littafin. Kowace amsa ta zo da hujja daga matanin.

Na huɗu, malami ya gyara ƙa'idar rubutu, kada ya taɓa hukunci. Idan ɗalibi ya fahimci akwai amsar da ake jira, zai rubuta ta, shirin kuma ya koma jarrabawa.

Na biyar, a adana kowane sharhi da shekarun marubucinsa da jinsinsa da kwanan wata, a sakaya sunansa, a kuma aika wa marubutan littattafan da kwafe.

8.0 Ƙalubale

Babban ƙalubale shi ne batun tarbiyya. Wasu labaran intanet na ɗauke da batsa, don haka tacewa wajibi ce. Sai dai in aka tsananta ta har aka bar littattafan wa'azi zalla, za a samu sharhi a kan abin da matasa ba su karantawa. Na biyu shi ne kuɗin sayen littattafai, wanda za a iya rage shi ta neman gudummawar kwafe daga ƙungiyoyin marubuta irin su reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya. Na uku shi ne ɗorewa, domin shirin da ya rataya a wuyan malami ɗaya yakan mutu ranar da aka yi masa sauyin wurin aiki. Maganin wannan shi ne wani sashen Hausa na jami'a ya ɗauki nauyin ma'adanar a hukumance.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa matashin Bahaushe ya shafe kusan shekara 40 yana yanke wa ƙagaggun labarai hukunci ta wasiƙa da hira da waya, ba tare da an adana hukuncin ba. Ɗakin karatu na iya haɗa 'yancin da ke cikin waɗannan kafofi da tsarin da ke cikin aji. Ribar ta shafi ɗalibin da zai koyi kafa hujja, da marubucin da zai ji gaskiyar makarancinsa, da manazarcin da zai samu rumbun bayanan da zai gwada ra'ayoyinsa a kai. Da'ira ɗaya a makaranta ɗaya a Wudil ta isa a fara da ita.